Goshinta Bai Taɓa Yin Zafi Ba

Shekara ashirin da shida Baba Tsaya ya yi yana buɗe ƙofa yana rufe ƙofa a kamfanin sabulun da ke ƙarshen layinmu, kuma duk tsawon shekarun nan ba a ce masa Baba Tsaya. Maigadi ake kiransa, in ma an tuna an kira shi ke nan. Yawanci hon ake danna masa. Mota ta yi ɗiit, ya zabura ya ja ƙarfe. Ta shige, ya mayar. Manaja uku suka zo suka tafi, ba wanda zai iya gaya maka ko yana da haƙoran gaba, don ba wanda ya taɓa tsayawa ya faɗa masa abin dariya.

Dogo ne, siriri, ga kunnuwa kamar hannun tukunya. Mutum ne mai son doka kamar ita ta haife shi. Ka ji mutumin da ya tsufa a bakin ƙofar kamfanin sabulu, amma matarsa a kanti take sayen sabulun wanki. Ko gutsuren da ya faɗo daga mota ya tsinta, sai ya bi direba da gudu ya miƙa masa. Maiaski, wanda shagonsa ke manne da tagar gidansu, yakan ce in aka umarci Baba kada ƙuda ya shiga kamfani, to ranar ƙuda sai ya nuna takarda.

Matarsa, Inna, tela ce. Kekenta na ɗinki yana gindin tagar da ke kallon titi, daga nan take ɗinki, daga nan take jin labarin duniya, daga nan kuma take mayar wa Maiaski martani in ya tsokane ta. Mace ce mai jiki, mai dariya har da hawaye. Ciwon suga ya shekara goma sha ɗaya tare da ita. 'Ya'yansu huɗu, uku sun yi nisa, sai Auta ce a gari ɗaya da su, tana aure can ɗaya gefen, tana aiki a gidan burodi. Ƙurar fulawa ta bar mata wani ɗan busasshen tari, shekara da shekaru. Tun kafin ta karyo kwanar layin ake sanin ta iso.

Kowace Asabar Auta na zuwa, kuma ba hira ke kawo ta ba. Takan zuba ruwan ɗumi a roba, ta wanke ƙafafun Inna, ta buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ta yanke farce. Sannan ta sa babban yatsa ta danna ƙwaurin, ta ɗaga, ta zuba ido ta ga ko wurin zai lotsa ya ƙi tasowa. Ma'aikatan jinya ne suka koya mata a asibitin masu suga. Daga nan sai tambayoyi marasa kunya: sau nawa kika zaga yau, da yawa ko kaɗan, wane launi. Da an zo nan Baba yake sa takalmi.

"Wannan maganar mata ce," in ji shi, ya fice.

Haka rayuwa take tafiya har shekarar da korona ta zo.

Wata safiya manaja ya tsayar da mota a bakin ƙofa, ya sauke gilashi, abin da bai taɓa yi ba. Ya miƙo wa Baba wata farar aba mai kama da ƙaramar bindiga. Ya ce a saita ta a goshin duk mai shiga, a danna, lamba za ta fito. Daga talatin da bakwai da rabi zuwa sama, ba shiga. Mai tari ma ba shiga. Ko wane ne.

"Ko wane ne, ranka ya daɗe?"

"Ko wane ne."

Washegari mutum na farko da Baba ya tare shi ne manajan. Ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya!" da wata murya da ko Inna ba ta san yana da ita ba. Manaja ya miƙo goshi kamar yaron da za a shafa wa mai. Kafin la'asar labari ya kai shagon Maiaski, kafin rana ta faɗi suna ya zauna daram.

To fa, mutumin da aka shekara ashirin da shida ana danna wa hon, yau manya na sunkuyar masa da kai. Ya sa Inna ta ɗinka wa bindigar jaka ta rataye a ƙugu. Tafiyarsa ma ta canza. Leburorin da ke tahowa a ƙasa cikin rana su suka ji jiki, don goshin da ya sha rana dole ya yi zafi, shi kuwa Baba ba ya sauraron bayani. Ya kora mutum gida, aikin ranar ya tafi. Da suka gaji sai suka samo dabara. A bayan kwana akwai mai sayar da ruwan sanyi, kowa ya tsaya ya manna gora a goshi na minti biyu, sannan ya taho yana tafiyar salihai. Da Baba ya gano, sai da ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwar kowa.

Duk yamma da bindigar yake komawa gida, wai kada ɓarayi su ɗauke ta a ɗakin gadi. Gaskiyar magana ba ɓarayi yake tsoro ba. Ya ji a rediyo cewa ciwon nan ya fi kayar da tsofaffi da masu suga, kuma tun ranar barcinsa ya ragu. Baba bai iya maganar soyayya ba. Shekara talatin da biyar da aure, abin da ya fi kusa da ita da ya taɓa faɗa wa Inna shi ne, "Kin ci abinci?" Amma ya rantse a ransa cewa abin nan ba zai tsallake ƙofarsa ya taɓa matar nan ba, shi da tsare ƙofa ce sana'arsa.

Safe da yamma yake auna ta. Ya ɗauki allin da take zana yadi da shi, ya rubuta lambar a bango, bayan ƙyaure, layi-layi.

"Janar, a bar ni in gama hamma mana," in ji Inna.

"Tsaya. Talatin da shida da ɗigo biyar. Lafiyarki ƙalau."

"To na gode, likita. Bayana fa da ke ciwo?"

"Ba ya cikin lissafi."

Wata Talata ya isa bakin aiki sai ya ji iska wasai. Warin sabulun nan da ya shekara ashirin da shida yana sa masa ciwon kai, babu shi. Ya shaƙa, ya sake shaƙa. Da manaja ya zo miƙa goshi, Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri, an gyara bututun hayaƙi." Manaja ya dube shi ta saman tabarau, ya ja mota. A ranar ce kuma cikinsa ya fara gudu. Sau biyar ya bar ƙofa a hannun wani direba ya ruga bayan gida. Ya ɗora laifin a kan matar da ke sayar da abinci a bakin kamfani, har ya ce mata miyarta ta zama ruwa, ko gishiri babu. Matar ta ce shekara tara yana cin miyar nan bai mutu ba, yau ne zai raina ta?

Ba wai bai yi tunanin ciwon ba. Ya yi. Ya je gaban madubin wata mota, ya saita bindiga a goshinsa, ya danna. Talatin da shida da ɗigo huɗu. Ya gwada yin tari da gangan, ƙirji fes. Shi ke nan, magana ta ƙare. An ce masa zafi da tari, shi kuwa ba zafi ba tari. Ya koma gida ya ci abinci kwano ɗaya da Inna kamar kullum, suka kwana ɗaki ɗaya, taga a rufe saboda sauro.

"Baba Tsaya, yau na ga kai ne ba ka tsayawa," in ji Maiaski da ya ga yana sauri. "A bi a hankali, kada wandon kamfani ya yi asara."

Ranar Asabar, da tsakar rana, Auta ta iso. Motar haya ta sauke ta nesa, ta tako da ƙafa, kwando a ka, gumi har wuya. Baba na zaune a bakin ƙofar gida, ba shi da aiki ranar. Tana karyo kwana ta yi ɗan tarin nan nata, ƙyaf ƙyaf. Baba ya miƙe.

"Tsaya."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ta ture ɗankwali baya ta miƙa goshi. "A yi mini a hankali, Janar, ni farar hula ce."

Bindiga ta yi ƙara. Baba ya duba, ya sake dubawa. Talatin da bakwai da ɗigo takwas.

"Ba shiga."

"Haba Baba. Rana ce fa. Tun daga tasha nake tafe."

"Ga zafi, ga tari. Duka biyun."

"Tarin nan ai ya girmi auren nawa! Kai da kanka ka sha saya mini magani. To bari in zauna a inuwa minti goma ka sake aunawa."

Nan ta taɓo inda yake masa ciwo. "Wato dabarar leburori za ki yi mini? A ƙofar gidana?"

Daga ciki Inna ta ɗaga murya. "Janar, 'yarka ce fa, ba mai neman aiki ba. Bar ta ta shigo, ruwan har ya huce."

"An ce ko wane ne," in ji Baba. Ya kafe a bakin ƙofa, hannu ɗaya a jikin ƙyaure. "Kina son ki kashe uwarki? Sati biyu. In tarin ya tafi, ki dawo."

Auta ta dube shi, dariyar ta bushe a fuskarta. Ta sauke kwandon a kan dakalin ƙofa. Ta zagaya wajen taga, ta tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya nuna mata da baki, suka gaisa da Inna ta tsakanin ƙarafa. Da za ta tafi ta ce, "Baba, tunda ka hana ni, to kai ka riƙa yi. Ka danna ƙwaurinta da yatsa kullum. In ya lotsa bai taso ba, ka kira ni. Ka riƙa tambayarta sau nawa ta zaga."

"Ina da na'ura," in ji shi, ya dafa jakar ƙugunsa. "Yatsa ya fi na'ura ne?"

Cikin Baba ya tsaya bayan kwana huɗu, ya warke sarai, sai dai hancin da bai dawo ba, shi kuma bai ɗauki wannan ciwo ba, hutu ya ɗauke shi. Inna ce ta fara canzawa. Ta ce abinci ba daɗi. Ta fara gyangyaɗi a kan keke da rana tsaka, ita da ba ta san barcin rana ba. Rigar da take gamawa a yini ɗaya ta kwana uku a ƙarƙashin allura. Maiaski ya leƙo ya ce, "Inna, ko kin yi ritaya ne ba a gayyace mu ba?" Ta ɗaga masa hannu kawai. A nan Maiaski ya fara shan jinin jikinsa, don bai taɓa jefa mata magana ta faɗi ƙasa ba.

Baba kuwa ya ƙara awo, ya koma sau uku a rana. Talatin da shida da ɗigo shida. Da ɗigo biyar. Da ɗigo bakwai. Bango ya cika da lambobi masu kyau. Da ya lura silifas ɗinta sun daina shiga ƙafarta, sai ya ɗauki reza ya tsaga madaurin, ya faɗaɗa mata, ya ajiye a gabanta yana jin daɗin kansa. A ransa, zama wuri ɗaya ne ya sa ta ƙara ƙiba.

Da Asabar ta zagayo Auta ta dawo, da sassafe don kada rana ta taɓa ta. Goshi ya nuna talatin da shida da ɗigo tara. Har ta ɗaga ƙafa, sai tarin ya kufce mata.

"Na ce sati biyu. Kuma ga shi bai tafi ba."

Ba ta yi musu ba, ta wuce taga. Inna na zaune a kan kujerar keke, ta lulluɓe ƙafafu da zane.

"Inna, muryarki ta yi ƙasa. Ɗaga zanen in ga ƙafar."

"Sanyi nake ji, bar ni."

"Sau nawa kika zaga jiya?"

Tagar nan titi take kallo. Mutum uku na zaune a bencin Maiaski suna jiran layi, kunnuwa a miƙe. Inna ta harare ta. "Ke, a bakin titi za ki yi mini wannan tambayar? Ba ki da kunya ne?"

"To ki nuna mini da yatsu."

Inna ta dubi mijinta da ke tsaye a bayanta, allinta a hannunsa, ya rame saboda tsoron kada wani abu ya same ta. Ta san in ta ɗaga yatsa ɗaya, yau sai an yi tashin hankali tsakanin uba da 'ya a gaban mutane. Sai ta ɗaga huɗu.

"Kin gani?" in ji Baba. Ya shiga karanto mata lambobin bango tun daga Litinin, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta sakamakon jarrabawar ɗansa. Auta ba ta tsaya ya kai Alhamis ba. Ta ajiye kwando a dakali ta juya.

Ranar Laraba ya dawo cin abincin rana, ya tarar da Inna tana taka keke. Ya ji daɗi, har ya ce, "Yawwa!" Sai ya lura ba zare a allurar, ba yadi a ƙarƙashinta. Ta ɗago ta dube shi, fuskar ta kumbura, idanu sun shige. Ta ce, "Yaya, ka dawo daga gona?" Yayanta kuwa ya shekara ashirin a kabari.

Baba ya zaro bindiga. Talatin da shida da ɗigo biyu. Ya sake dannawa. Ya bubbuga ta a tafin hannu, ya sake. Yana cikin haka Maiaski ya faɗo ɗakin, almakashi a hannu, don ta taga ya ji komai.

"Baba, don girman Allah ajiye abin nan a nemo mota!"

"Ba zazzaɓi fa. Duba ka gani."

"Na gani. Matarka ba ta san ka ba, kai kana nuna mini lamba!"

Maiaski ne ya kira Auta a waya. Ta riga su isa asibiti, da fulawa a gira. Aka shige da Inna wani ɓangare da ba a bari kowa ya bi. Aka zura wa Baba wani dogon tsinke a hanci, aka zura wa Auta, aka ce su jira. Washegari sakamako ya fito. Inna na da ciwon. Baba na da shi. Auta ba ta da komai sai tarinta na fulawa.

Likitar wata 'yar ƙaramar mace ce, fuska a rufe, idanu sun yi ja don gajiya. A ƙarƙashin rumfa ta same su, Baba a wannan benci, Auta a wancan, tsakaninsu kamar faɗin titi. Ta ce ƙodar Inna ta kusan tsayawa, ruwa da dattin da ya kamata su fita sun taru a jiki, shi ya kumbura ta, shi ya rikita mata kai.

"Likita, a sake dubawa," in ji Baba. "Ciwon nan na ƙirji ne. Ba ta yi tari ba. Goshinta bai taɓa yin zafi ba, ina da shi a rubuce. Ni ma ban yi ba."

"Baba, mene ne aikinka?"

"Maigadi ne."

"Ƙofa nawa ce a kamfaninku?"

"Ɗaya." Ya shiga lissafi da yatsu. "Sai ta baya, ta masu lodi. Da 'yar ƙarama ta masu kwashe shara. Da wata ta wajen injin wuta."

"Wa ke auna goshi a can?"

Baba ya dubi jakar ƙugunsa.

Likita ta zauna a bakin wani tebur. Ta ce jikin mutum ɗakuna ne ƙanana ƙanana, ba su ƙirguwa, ido ba ya ganinsu. Ƙwayar cutar nan tana da wasu ƙayoyi a jikinta, su ne makullinta, kuma kwaɗo iri ɗaya suke buɗewa. Matsalar ita ce kwaɗon nan ba a huhu kaɗai yake ba. Yana cikin hanci, yana maƙogwaro, yana hanji, yana ƙoda, yana zuciya, yana bangon hanyoyin jini. Duk ɗakin da ta buɗe ta shiga, sai ta mai da shi wurin buga 'ya'yanta, su fito su nemi na gaba. Shi ya sa gida ɗaya, wani ya yi tari, wani ya yi gudawa, wani ya daina jin wari, wani bai ji komai ba sam. Tsofaffi da masu suga kuwa, sau da yawa jikinsu ba ya ma yin zafin.

"Kai ba ka ji wani canji ba kwanan nan? Hanci? Ciki?"

Baba ya tuna bututun hayaƙi. Ya tuna miyar matar nan da ya ci wa mutunci. Bakinsa ya buɗe, bai rufu ba.

"Ƙodarta dama suga ya gajiyar da ita," in ji likita. "Kuma ba kullum ƙwayar ce ke yin ɓarnar da kanta ba. Wani lokaci masu gadin jikin ne ke rikicewa, su hau duka ba ji ba gani, har da 'yan gida."

Auta ta ɗago kai ta dubi ubanta. Shi ƙasa yake kallo.

"Ni na kai mata?" ya tambaya.

"Ba wanda zai iya rantsuwa a kan wannan, Baba."

"Da an kawo ta da wuri fa?" Wannan Auta ce, kuma ba likitar take kallo ba.

Likita ta gyara abin fuskarta, duk da bai goce ba. "Kumburin nan ba na jiya ba ne. Da an gan shi kwana goma da suka wuce, da muna da abin yi fiye da yanzu. Za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Sun yi. An ɗora ta a na'urar wanke jini sau biyu. Aka kora Baba gida aka ce ya kulle kansa. Auta ce ta yi kwana huɗu tana zagaye ginin, har ta samo wata ƙofar gilashi a baya inda, in ta yi ɗage, take hango ƙarshen gadon. Labule ya tare sauran. Ƙafafu kawai take gani, sun kumbura sun yi sheƙi kamar burodin da ya tashi. Ƙafafun da ta shekara bakwai tana wankewa, ga su nan taku biyar da ita, ba damar ta sa yatsa. A rana ta biyar da hantsi ta yi ɗage ta ga gadon an yaye zanensa.

Ta taga aka gaya wa Baba. Maiaski ne ya faɗa masa, kuma tunda muke da Maiaski ba mu taɓa jin ya yi magana gajeriya irin ta ranar ba.

Bayan sati biyu Baba ya koma aiki. Ya ci gaba da auna goshi, don ba a ce ya daina ba, sai dai "Tsaya" ɗin ta mutu, da hannu kawai yake nuni. Ya je ya sami manaja ya ce a sa mutum a ƙofar baya, kuma a riƙa tambayar mutane hanci da ciki. Manaja ya ce za a duba. Bayan wasu watanni aka ce a mayar da bindiga sito, an daina yayinta. Aka koma danna masa hon. Hancinsa ya dawo wata huɗu bayan rasuwar, kuma abin da ya fara shaƙa warin sabulu ne, da ciwon kansa, cif yadda ya bar shi.

Sunan dai ya ƙi tafiya. Yaran da aka haifa bayan abin ma Baba Tsaya suke ce masa, ba su san dalili ba. Keken ɗinki na nan a gindin taga, an rufe shi da zane. Lambobin na nan a bayan ƙyaure, layi-layi, ba ko ɗaya da ta kai talatin da bakwai. Mai gidan haya ya so a yi fenti, Baba ya ce a fara da ɗaya ɗakin.

Auta ba ta yar da ubanta ba, kada a yi mata ƙarya. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ba ta taɓa cewa kai ne ba. Kowace Asabar tana zuwa da kwando: burodi, ganyen shayi, wankakkun kakinsa a goge. Tun daga kwana ake jin ɗan tarin. Baba na jin sa yake miƙewa, ya buɗe ƙyaure har bango, ya kauce gefe. Tun da safe ya riga ya share ɗaki, ya ɗora ruwan zafi, ya fito da kofi biyu.

Sai ta zo daidai dakali ta tsaya. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi jiki, ta tambayi aiki. Sannan ta ture ɗankwali baya, ta miƙo goshi.

"Shigo mana, Auta," in ji shi. "Shayi na nan."

"Ba ka auna ni ba, Baba."

"Ai sun karɓe abin. Kin sani."

"To ka ga kuwa bai kamata in shiga ba."

Ta sauke kwandon a inda ta saba sauke shi, ta ɗauki na makon jiya. Wannan Asabar da ta wuce har ta juya sai ta tsaya, ta dubi ƙafafunsa cikin silifas.

"Baba, kana danna ƙwaurinka kuwa?"

"Kullum," ya ce da sauri. Ya sunkuya, ya ja ƙafar wando, ya danna da babban yatsa ya ɗaga don ta gani. "Duba, ba ya lotsawa. Ko za ki matso ki duba da kanki?"

Ta leƙo daga inda take, taku biyu daga ƙofa.

"Na gani daga nan," in ji ta. "Sai wani satin."